Gonar Gwaji a Sanƙon Kefas

Duk wanda ya ce maka zama kusa da masu ilimi shi ma ilimi ne, ka kamo hannunsa ka kawo shi Hayin Dogo a Samaru, in nuna masa mijin yayata Kefas. Ni ne Mordecai, ƙanin matarsa Edith, kuma tunda abokin wasana ne, ba abin da zan rage masa.

Kefas ya yi aiki a wata gonar bincike har ya yi ritaya. Aikin nasa kuwa jan igiya ne da kafa turaku. Masana su zo su ce a raba fili fegi-fegi, wannan a zuba masa taki kaza, wancan taki kaza, ɗaya kuma a bar shi haka nan don a ga bambanci. Kefas ya ja igiya, ya buga turke, ya koma inuwa. Amma in ka ji shi a teburin mai shayi, sai ka rantse shi ya ƙirƙiro masara. "Da ni da farfesoshin nan," da haka yake buɗe kowace magana. Unguwa ta sa masa suna Dakta Turke, shi kuma ya ɗauka girmamawa ce, har wani jan "na'am" yake yi in an kira shi.

Da zaman gida ya ishe shi, sai ya faɗa haɗa man shafawa. Ya daka wannan ganye, ya tafasa waccan saiwa, ya cika duk kwalaben da Edith ta tara don zoɓo. Wai maganin kyasbi ne, da makero, da ƙuraje, da faso, da duk wani ciwon da fata ta taɓa yi tun zamanin Ayuba.

Ana cikin haka aka sa ranar auren 'yarsa Winifred da Okechukwu, ɗan Madam Nonye mai shagon kayan shafe-shafe a kasuwar Sabon Gari. Winifred ita kaɗai ce mace a 'ya'yansa, kuma ta san halin ubanta kamar yunwar cikinta. A gabana ta zaunar da shi.

"Baba, abu ɗaya nake roƙo. Ranar nan ka riƙe hannuna ka shiga da ni coci lafiya lau, kamar yadda uban kowa yake yi. Ba lacca, ba talla, ba abin da zai sa a nuna mu da baki."

"Haba Wini. Ni zan ba ki kunya? Mutumin da ya yi aiki da farfesoshi?"

"Abin da nake tsoro ke nan," in ji ta.

Ya dafa ƙirji ya yi alkawari. Gari na wayewa ya cika jaka da kwalabe ya nufi Sabon Gari wajen surukar tasa, ni kuma na bi shi, don na san ba za a rasa abin kallo ba.

Madam Nonye haifaffiyar Sabon Gari ce, Hausarta ta fi tawa kaifi. Ta buɗe kwalba ɗaya, ta sansana, ta miƙe hannu da ita can nesa.

"Suruki, wannan na shafawa ne ko na korar sauro?"

"Duka biyun yana yi, kuma ba a ƙara komai."

"To ina shaida? Masu saye a wurina mata ne masu madubi. In fuskar mace ta ɓaci ba gidanka za ta je ba, nan za ta zo da mijinta, mijin kuma soja ne daga Basawa. Wa ya shafa ya warke?"

"Kakanninmu."

"Kawo min ɗaya in tambaye shi."

Masu shagunan kusa suka tuntsire da dariya. Kefas ya gyara tsayuwa, ya ɗaga yatsa sama.

"Shaida kike so? Kin sosa min inda yake min ƙaiƙayi. Za ki ga shaida irin ta masana, fegi-fegi, har da kwantirol."

"Mene ne kuma kwantirol?"

"Fegin da ba a sa masa komai. Ana barinsa ne don a kunyata shi ranar girbi."

"To Allah ya kai mu girbin," in ji ta, ta mayar masa da kwalbarsa.

Sai neman waɗanda za a yi gwajin a jikinsu. Ya fara da majalisar mai shayi, majalisa ta watse, har da wanda bai gama cin burodinsa ba. Ya je wajen 'yan acaɓa, suka ce fatarsu rana ta riga ta gama da ita. Ya dawo gida yana kallon ƙafar Edith, ita kuwa ta janye ta ƙarƙashin zane.

"Baban Wini, ko diddigena ka taɓa, gidanmu za ka same ni."

Yana tsaye yana shafa kai don takaici, sai na ga hannun ya tsaya cak. Kefas dai Allah ya ba shi sanƙo, ba irin na gaba-gaba ba, irin wanda ya share daga goshi har ƙeya. Ya sake shafawa a hankali, fuskarsa ta washe.

"Mordecai, dubi fili. Ba ciyawa, ba kututture, ba rigimar gado."

Muka ɗunguma shagon Ayobami mai aski, nan bakin titi. Ayobami ya dube shi, ya dubi injin askinsa.

"Baba, me zan aske?"

"Ba aski na zo ba, awo na zo. Ɗauko zare da maka."

"Amma Baba, kanka lafiyarsa ƙalau. Me za ka warkar?"

"Ayo, gona ba a jiran ta mutu kafin a sa mata taki. Ja layi."

Ayobami ya ja layi daga goshi zuwa ƙeya, ya ja wani daga kunne zuwa kunne, da maka irin wadda ake rubuta suna a buhun masara, wadda ko ruwan sama ba ya wanke ta. Kai ya rabu gida huɗu. Gaba ta dama aka ba tafarnuwa da kanwa. Gaba ta hagu kurkum da lemon tsami. Baya ta dama lalle da ganyen dogon yaro. Baya ta hagu kuwa kwantirol, aka bar shi haka nan yana jiran ranar kunyarsa.

Kefas ya laɓta haɗe-haɗensa, ya ɗauki kujera ya dasa a tsakar gida, rana tsaka.

"Ka shigo inuwa mana," in ji Edith.

"Maman Wini, kin taɓa ganin masara ta yi a ɗaki?"

Ba a jima ba gumi ya keto. Ruwan kurkum ya gangara gonar tafarnuwa, jan lalle ya nufi kwantirol. Kefas ya zabura yana cewa ambaliya za ta ɓata masa bincike, dole a yi kunya tsakanin fegi da fegi. Da me za a yi kunyar? Idonsa ya faɗa kan kwaɓin fulawar da Edith ta ajiye za ta yi cincin na biki. Kafin ta fito daga kicin ya murza shi dogo-dogo ya ɗora a kan layukan. Ya koma ya zauna, kansa kamar an fara ginin gida an tsaya a harsashi.

Zafin rana ya sa shi gyangyaɗi. Kajin Edith kuwa ba su san bincike ba, fulawa suka sani. Zakaran ya hau bayan kujera ya kai sara, ya ɗauke rabin iyakar gabas. Kefas ya farka da salati irin nasa, "Ya Ubangiji Mai Ceto," ya bi zakara da takalmi har ƙofar gida, inda ya yi kiciɓis da 'yan matan jami'a masu haya a gidan kusa. Suka tsaya, baki buɗe.

"Baba, sannu. Wannan furojet ne?"

"Furojet ne. Ku matsa, kuna tare min rana."

Washegari ya yi wa tsuntsaye dabara irin ta manoma. Ya yayyanka farar leda ya ɗaura a kunnuwansa da hannun tabarau, iska na kaɗa ta fil-fil. Maƙwabta suka fara leƙe ta katanga. Wata tsohuwa ta ce a kira Fasto, wani ya ce a'a, fansho ne bai fito ba, haka yake taɓa mutane. Mai shayi kuwa cewa ya yi shi dai a sanar da shi in an fara sayar da fegi, yana son na kusa da kunne.

Tafarnuwa da kanwa suka fara aikinsu. Ina zaune ina ganin hawaye na bin kumatun bawan Allah, yana cije leɓe.

"Yaya Kefas, zafi yake yi?"

"Taki ne ya kama."

"Na ga wurin ya yi ja."

"Alamar ƙasa mai kyau ke nan. Miƙo min kwanon, lokacin zubi na biyu ya yi."

Ya ƙara. Wajen lemon tsami, da rana ta dafa shi, ya yi duhu ya taso da bororo. Kefas ya duba a madubi ya ce tsiro ne. Wajen lalle ya yi jajir kamar tafin amarya. Kwantirol kuwa yana can baya inda ba ya gani sosai, ba wanda ya kula da shi.

Winifred ta dawo daga wajen ɗinkin rigarta ta tarar da ubanta a tsakar gida da leda a kunne. Jakarta ta faɗi.

"Baba, ka yi min alkawari."

"Alkawari yana nan. Kafin ranar, kan nan zai yi sheƙi kamar farantin tangaran. A wajen liyafa zan cire hula gaban surukai, a yi ranar manoma, kowa ya zagaya ya gani da idonsa."

"Baba, ko masu gwada magani na gaskiya, mutane da yawa suke tarawa, masu ciwon, kuma likita yana dubawa. Kai kai ɗaya ne, kuma ba ciwon komai."

"Kai ɗaya, fegi huɗu. Ke lissafi ne bai zauna miki ba."

Ta shige ɗaki tana kuka. Edith ta kwashe turmi da taɓarya da duk tafarnuwar gidan ta kai maƙwabta ajiya. Amma aikin gama ya gama. Bororon ya fashe, gaban kan ya fara ruwa. Da Kefas ya ga abin ya fi ƙarfin bayani, sai ya sayo wata doguwar hula ƙube ya kifa, ya danna ta har gira. Da ita yake cin abinci, da ita yake kwana. In ka tambaya ya ce an rufe gona, ba mai shiga sai ranar girbi.

Edith ta tare shi ana jibi biki.

"Baban Wini, ka dai san namiji ba ya shiga coci da hula. Kuma a cocin su Nonye za a ɗaura, inda Dattijo Martin yake tsaron ƙofa."

"Martin? Martin da muka ci ƙosai tare? Ni ne fa uban amarya. In na yi masa kallo ɗaya, da kansa zai gyara min zaman hular."

"Ka je asibiti dai a duba maka."

"In je in koya musu me?"

Ranar Asabar cocin nan na Sabon Gari ya cika har waje. Dangin ango sun zo daga kudu da manyan zannuwa, zumuntar mata ta Samaru ta zo da anko da gangunanta. Mai piyano ya ɗauki waƙar shigowar amarya, jama'a suka miƙe, kowa ya juyo yana kallon ƙofa. Ga Winifred cikin farar riga, kyakkyawa har ta gaji. Ga Kefas a gefenta cikin babbar riga, hula a tsaye kamar tukunyar da aka kife.

Dattijo Martin tsohon hedimasta ne, mutum ne da bai taɓa yi wa doka ragi ba. Ya sa hannu ya tare ƙofa.

"Barka da zuwa, uban amarya. Hula."

Kefas ya yi masa kallon nan da ya yi alkawari. Martin bai ko ƙifta ba.

"Martin, ni ne fa."

"Na gan ka. Hula."

"Likita ya hana a cire."

"Wane likita?"

"Ni."

"Ko wane ne ya zo ƙofar nan, hularsa a hannu take shiga. Kana tsayar da amarya."

Mai piyano ya kai ƙarshen waƙa ya sake ɗaukowa daga farko. Mutane suka fara miƙa wuya. Winifred ta ce a hankali, "Baba, don Allah." Kefas ya ga ba mafita, ya kai hannu ya ja hula. Hula ta ce ba inda za ta. Ruwan ciwon ya bushe ya manne ta da fata kamar an sa gam. Ya ja dama, ya ja hagu, idonsa ya kawo ruwa. Martin, da yake mutum ne mai son taimako, ya ce in riƙe masa kafaɗu. Na riƙe. Ya kama hular da hannu biyu ya fizge, ji kake ɓarat.

Piyano ya yi wata ƙara ya mutu.

Jama'a, na ga abubuwa a Zariya, amma ban taɓa ganin coci ya yi shiru irin na ranar ba. Ga kai nan a fili, an raba shi huɗu da baƙin layi. Nan fari da ja yana saɓa, nan rawaya da dabbare-dabbaren baƙi, nan jajir. Mawaƙan da ke saman bene su suka fi kowa morewa, don su daga sama suke kallo, har da alamar inda zakara ya yi sara.

Madam Nonye ta taso daga layin gaba da ƙaton ɗaurin kanta. Ta zagaya Kefas a hankali, hannu a baya, kamar mai shirin sayen fili.

"Chineke," in ji ta, ta ambaci Allah da yarensu. "Suruki, girbin ke nan?"

"Ba a... bai gama nuna ba."

Ta zagayo ta baya, sai ta tsaya. Ta sa yatsa ta nuna ƙeya ta hagu.

"A'a, tsaya. Wannan wurin fa? Ku zo ku gani. Sumul, ba ƙurji, ba tabo, sai sheƙi. Suruki, na yarda da kai. Man da ka shafa a nan shi nake so, ka kawo min duk abin da kake da shi."

Daga can cikin jama'a Ayobami ya ɗaga murya, shi a dole mai taimako.

"Madam, nan ne kwantirol."

"Wanda ba a sa wa komai ba?"

"Shi."

"Wanda za a kunyata ranar girbi?"

Wata daga zumuntar mata ce ta fara, ta toshe baki da gyale amma abin ya fi ƙarfinta. Sai coci ya ɗauka gaba ɗaya. Dangin ango da ba su jin Hausa aka fassara musu, su ma suka shiga, har wani tsoho yana buga sanda a ƙasa. Fasto ya sunkuya yana gyaran littafin da ba abin da ya same shi, kafaɗunsa suna rawa. Ni kaina na yi dariya har cikina ya ƙulle.

Da na ɗago ne na ga Kefas ba mu yake kallo ba. 'Yarsa yake kallo. Ta cikin mayafin nan fari hawaye ne ke zuba, sun jiƙa mata kwalliya. Abin da ta roƙa ke nan guda ɗaya, ga shi coci guda yana nuna su da baki. Wallahi sai na daina dariyar, tausayinsu ya kama ni su biyun.

Kefas ya saki hannunta. Muryarsa ta yi ƙasa, irin wadda ban taɓa ji ba, ba farfesa ko ɗaya a cikinta.

"Mordecai, zo ka shiga da ita. Kai kawunta ne. Ni zan tsaya a waje."

Na ɗaga ƙafa ke nan, Winifred ta ɗaga min hannu.

"Kawu, koma wurinka."

Ta ɗage mayafi, ta share ido da bayan hannu, ta dubi ubanta daga gira har ƙeya. Leɓenta ya yi rawa, ban san ko kuka ne ko dariya ba, ina jin ita ma ba ta sani ba.

"Baba, kanka dai ka riga ka yi yadda ka ga dama da shi. Ni hannunka na roƙa. Miƙo."

Ya miƙa, ta kama. Martin ya matsa gefe da hula a hannu, ya yi wa mai piyano alama. Haka suka taka har gaban bagade, amarya da gonar gwaji, a hankali, ba lacca, ba talla. Zumuntar mata suka saki guɗa, Madam Nonye da kanta ta bi bayansu tana yi wa kan fifita da takardar tsarin biki saboda ƙudaje.

Bayan an tashi, wata nas cikin dangin ango mai suna Peculiar ta wanke masa ciwon ta naɗe. Ta ce ganye ba abin rainawa ba ne, akwai masu amfani, amma ɗanyar tafarnuwa da kanwa a fata ƙuna ce kawai, lemon tsami da rana kuma sun fi haka sharri. Kefas ya ce dama abin da yake shirin ganowa ke nan, ta riga shi faɗa ne.

Kan ya warke, sai ɗan tabo ta gaba. Kada ka ɗauka ya daddara. Yana nan a teburin mai shayi yana ba da labarin cewa bincikensa ya yi nasara, shi ne mutum na farko a Samaru da ya gano abin da ya fi kowane man shafawa gyara lafiyayyar fata, surukarsa ma ta yi oda a gaban shaidu. Abin da ya rage masa kawai shi ne yadda zai zuba shi a kwalba.

In kuma kai ma irin Madam Nonye ne, sai ka ga shaida, to ka zo falon yayata, hoton auren yana rataye a bango. Amarya tana kallon mai hoto tana murmushi, idonta jajir. Ubanta kuwa ya ba da ƙeya ta hagu, don mai hoton ya ce nan kaɗai za a iya nuna wa jikoki. Fuskarsa ba ta fito ba ko kaɗan. Amma dubi ƙasa, za ka ga hannunsa cikin nata, ta riƙe shi gam.